Manomin da Ya Rufe Ciyawa da Ƙasa

A wani ƙauye na manoman dawa, akwai wani mutum wanda ba a taɓa wuce shi a wurin gayya ba. Damina goma sha tara ke nan yana riƙe da wannan suna. In ka tambaye shi abin da ya mallaka a duniya, kafin ya ambaci rumbunsa, ko awakinsa, ko 'ya'yansa biyar, wannan zai fara faɗa maka.

Bari a yi wa waɗanda suka tashi a birni bayanin gayya, don kada su zauna suna gyaɗa kai alhali ba su gane ba. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyaci mazan gari su taya shi noma. Za su jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, kowa da kunyarsa, wato layin shukar da zai nome daga wannan kai zuwa wancan. Makaɗi yana biye da su da gangar noma. Wanda ya riga kowa fita ƙarshen kunya, shi ganga za ta kira, a yi masa kirari, mata masu kawo kunu su rangaɗa guɗa, shi kuwa ya juyo ya kama wata kunyar tun na baya ba su iso ba. Ba a ba shi komai a hannu. Sunan ne kawai, amma maza da yawa sun karya ƙugu a kan sunan nan.

Kada wani ya yi saurin cewa girman kai ne ke damun manomin nan. Abin ya fi haka nisa. Da yana yaro ciwon saifa ya hana shi girma, ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara. Mahaifinsa, wanda ake kira Barmo, mutum ne mai zafin hannu a gona, mai zafin baki a gida. Wata rana a gaban baƙi ya nuna yaron da haɓa, ya ce, "Wannan dai baki ne kawai Allah ya ƙara mini a gida." Baƙi suka yi dariya, aka shiga wata hira, kowa ya manta. Yaron ne bai manta ba.

Ya warke, ya yi ƙashi, ya zama saurayi. Ranar da ya fara riga kowa fita kunya, makaɗi ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Barmo, ka bar maza da kallon ƙeyarka!" Tsohon yana zaune a gindin tsamiya a bakin gonar. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce wa na kusa da shi, "Nawa ne." Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Damina biyu bayan haka tsohon ya rasu, amma ɗan ya ci gaba da noma kamar uban yana nan zaune a bakin kowace gona, yana jira ya ga wanda zai fara fita.

Sai shekaru suka fara yi masa sallama. Gemu ya yi fari, baya ya fara ƙorafi. Duk ranar da ya dawo daga gayya sai ya kwanta rub da ciki a tabarma, matarsa ta shafa masa man kaɗanya tana danna masa ƙugu yana nishi.

Wata rana ta ce, "Maigida, ka bar wa yara gaba mana. Ai ka yi naka."

Ya ce, "Ranar da aka wuce ni, me ya rage mini?"

Ta ce, "Mu."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi.

A daminar nan akwai wani ango a garin mai suna Dogara, dogo, marar yawan magana, wanda in ya sunkuya a kunya ba ya duban dama ko hagu. A gayya biyu da aka yi a farkon damina, Dogara ne ya zo na biyu, kuma tazarar tana raguwa. Manomin ya lura. Kowa ma ya lura, shi ya sa aka fara cika a wurin gayya fiye da da.

Akwai kuma wata gwauruwa a garin, wadda mijinta ya rasu da bazara, ruwan fari bai sauka ba. Ya bar mata 'ya'ya huɗu, ƙaramin yana goye, da gona ɗaya ta dawa a bayan dutse, inda ba kowa ke bi ba. Ita 'yar masaƙa ce daga wani gari, ta iya kaɗi da rini, amma noma mijinta ne ke yi. Ta lallaɓa ta yi shuka da kanta, dawa ta fito, ciyawa ma ta fito. Da dattawan ikkilisiya suka ga haka, suka ce a yi mata gayya. Ba ta da akuyar yankawa, kunun tsamiya kawai ta iya damawa. Maza goma sha biyu suka zo, makaɗi ma ya zo bai nemi komai ba.

To, noman kirki kowa ya san shi. Ka sa bakin fartanya a ƙarƙashin ciyawa, ka yanke saiwarta, ka kifar da ita rana ta ƙone ta. Sara biyu ne, wani lokaci uku in harƙiya ce, don harƙiya ciyawa ce mai taurin rai. Amma akwai wata hanya da kowane manomi ya sani, ba kuwa mai so a ce ya sani. Ka jawo ƙasa daga kwarin kunya ka lulluɓe ciyawar da ita, sara ɗaya, ka wuce. A ranar ba mai iya bambantawa. Har ma ta fi kyan gani.

Aka jeru, ganga ta tashi. Manomin ya kama kunyar gefen gabas, Dogara ya kama ta kusa da shi. Kunya ta fari ya fita na farko, ta biyu ma haka, da gaskiyarsa. A ta uku ne ya ji sarar Dogara a daidai kunnensa. Ya ƙara wuta, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Ya saci kallo, ya ga inuwar saurayin ta kai kafaɗarsa, ta wuce. Mata sun daina zuba kunu sun tsaya kallo. Makaɗi ya sauya kiɗa, irin sauyin da yake yi in ya ga za a yi sabon abu.

Tsoro ya kama manomin, tsoro na gaske, irin na yaron da ake nunawa da haɓa. Bai zauna ya yi shawara ba. Hannunsa ne kawai ya sauya sara. Ya jawo ƙasa ya rufe, ya jawo ya rufe, sai ga shi ya ba Dogara taku uku.

"Ɗan Barmo, ka bar maza da kallon ƙeyarka!"

Ya ce a ransa wannan kunyar kaɗai ce. Amma da suka juyo Dogara bai gaji ba, don haka ta huɗu ma ya rufe, ta biyar ma ya rufe. Haka suka yini su biyu a gefen gabas, kunya ɗaya tasa, ta kusa da ita ta Dogara, har rana ta yi sanyi. Da yake ya fi kowa sauri, ya fi kowa yawan kunyoyi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonar a hannunsa ya bi.

Da aka tashi, gwauruwar ta zo da ƙwaryar kunu ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban mutane duka. Ta ce, "Baba, Allah ya sāka. Yau ka zama uban marayu." Ya karɓi ƙwaryar ya sha. Kunun ya yi masa tsami fiye da yadda tsamiya take sa shi, amma ya shanye, ya ce amin.

Kwana biyu bayan haka sama ta buɗe, aka yi kwana uku ana ruwa.

Aka shiga shirin gayyar mai gari. Wannan ita ce babbar gayya ta shekara, kwana uku ake yi, maza daga ƙauyuka uku, a yanka sa. Wanda ya yi gaba a can, shi ke da sunan har wata damina. Ana gobe za a fara, manomin ya ɗauki fartanyarsa zai kai wa maƙeri a ƙauyen gaba ya gyara mata baki. Hanyar kuwa ta bayan dutse take bi.

Tun daga nesa ya ga abin. Gefen gabas na gonar gwauruwar ya yi zane-zane, kunya ɗaya fes, dawa ta yi duhu tana kaɗawa, ta kusa da ita kuwa harƙiya ta taso ta shaƙe shukar, ganyen ya yi rawaya ya lanƙwashe. Ciyawar da ya rufe ba ta mutu ba, ƙasar da ya ja mata ta zama taki, ruwa ya zo ya tashe ta da ƙarfin da ya fi na da. Ya san kowace kunya. Ba ya bukatar kowa ya gaya masa wace ce tasa, wace ce ta Dogara. Ya kuma gane wani abu da ya fi ciyawar ciwo: saurayin nan noma na gaskiya ya yi tun safe har yamma, sara biyu, sara uku, kuma taku uku kawai aka ba shi.

Gwauruwar tana tsakiyar ciyawar da goyo a baya, tana fama da tsohuwar fartanyar mijinta wadda ta fi ƙarfin hannunta.

Ya ce, "Sannu da aiki, Uwar Ishaya."

Ta ɗago, ta share gumi da bakin zane. "Yauwa, Baba, sannu da zuwa. Ka ga ikon Allah? Kunya ɗaya ta yi kyau, ta kusa da ita ta lalace, na rasa gane kanta. Ina jin ƙasar gefen nan ce ba ta da kirki, marigayi bai taɓa faɗa mini ba. In har a hannunka ciyawa ta tashi haka, ai ni ba ni da ta cewa."

Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta." Ya wuce.

Duk hanyar zuwa maƙera da dawowa yana auna abin a ransa, don shi manomi ne, ba ya iya yi wa kansa ƙarya a kan dawa. Shukar da ta yi rawaya haka, in aka ƙara mako guda ba a cece ta ba, ba za ta fitar da kai ba. Mace ɗaya da goyo ba ta gama rabin kunya a yini. Kashi ɗaya cikin huɗu na gona kuwa abincin wata uku ne, kuma ba kowane wata uku ba, na ƙarshe ne, lokacin da rumbu yake ƙarewa sabon gero bai nuna ba. Ya ce bari ya yi gayyar mai gari tukuna ya dawo. Sai ya tuna bara, bayan gayyar nan kwana takwas ya yi a kwance bai iya ko ɗaura wando da kansa ba.

Da yamma aka kawo tuwo ya tura shi gefe. Matarsa ta zo ta zauna kusa da shi, sai ya faɗa mata duka.

Ta ce, "Na sani tun ranar."

"Wa ya gaya miki?"

"Ka yini a gayya, ka dawo ba ka ce in shafa maka baya ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "In ban je gobe ba za su ce tsoron yaron na ji."

"Za su ce."

"Ba abin da za ki ƙara?"

Ta ce, "Tuwonka yana hucewa, Maigida."

Gari ya waye, ya saɓa fartanya ya fita. A bakin gari hanya ta rabu biyu, ta dama ta nufi fadama inda gonar mai gari take, ta hagu ta bi bayan dutse. Ganga ta riga ta fara kira daga fadama. Ya tsaya a mararrabar nan har wasu samari suka wuce shi suna cewa, "Baba, a yi sauri, ana jiranka!" Ya ce su yi gaba. Ba zan ce muku ya juya hagu da farin ciki ba, don ƙarya ne. Ƙafafunsa ne suka bi hagu, zuciyarsa kuwa tana ta waige.

Ya iske gwauruwar ta riga shi. Ta yi mamakin ganinsa, ta ce, "Baba, ba yau ne gayyar mai gari ba?"

Ya ajiye fartanya ya tsaya a gabanta kamar mai laifi a gaban alƙali. Ya ce, "Uwar Ishaya, ƙasar mijinki ba ta da laifi. Ni ne. Kunyoyin nan ban nome su ba, rufe ciyawar na yi da ƙasa don kada Dogara ya wuce ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Ɗan da ke bayanta ya motsa, ta jijjiga shi ba tare da ta ɗauke ido ba.

Ta ce, "Ni kuwa na durƙusa maka a gaban mutane."

"Kin yi."

"Kwana huɗu ina kuka a nan, ina cewa gonar mijina ce ta ƙi ni."

Ta ɗauki fartanyarta ta koma can ɗaya ƙarshen gonar, inda ba za ta riƙa ganin fuskarsa ba. Shi kuwa ya tofa yawu a tafin hannu ya sunkuya.

Ranar ya san abin da ake kira noma. Harƙiyar ta yi saiwa ta kama ƙasa, inda sara biyu zai isa a da, yanzu sai huɗu. Ba ganga, ba guɗa, ba wani a gefe da za a tsere wa. Kafin hantsi hannunsa ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Ya yi mamakin kansa, mutumin da ake cewa ba ya gajiya, ashe rabin ƙarfinsa a cikin gangar yake.

Iska tana kawo kiɗan daga fadama, wani lokaci ta ɗauke, wani lokaci ta kawo shi tar. Da rana ta take tsaka sai ya ji an sauya kiɗa, ya ji muryar makaɗin da ya sani shekara goma sha tara, da kirarin da ya sani, ba a sauya ko kalma ɗaya ba sai sunan.

"Dogara, ka bar maza da kallon ƙeyarka!"

Ya durƙusa a kwarin kunya ya yi kuka, babban mutum da furfura. Baƙin ciki ne ya sa shi, ba tuba ba, kada mu yi masa ado. Ya ji kamar an sake nuna shi da haɓa a gaban baƙi. Da ya gama, ya share fuska, sai ya ga goran ruwa a ajiye a kan kunya kusa da shi. Gwauruwar ce ta kawo ta koma bakin aikinta. Ya sha ya ci gaba.

Da yake yanzu ba inda yake sauri, idonsa ya sauka a kan shukar. Duk shekarun nan ƙarshen kunya yake kallo, dawa kuwa abu ne da ake kauce wa kada fartanya ta sare shi. Ya yaye harƙiya daga jikin wata 'yar shuka da ta kusa mutuwa, ta faɗi don ba ta da ƙarfin tsayawa. Ya sa hannu ya tashe ta, ya tara mata ƙasa a gindi, ya danna. Ya yi wa ta gaba haka, ya yi wa ta gaba. Kwana biyar ya yi a gonar nan. A rana ta uku gwauruwar ta fara amsa gaisuwarsa da cikakkiyar murya, a rana ta biyar ta ce masa, "Sannu, Baba," ba ta ƙara komai a kai ba.

A gari kuwa maganar da ya ji tsoro ita aka yi. A kasuwa abokan wasansa suka ce, "Ɗan Barmo, an ce zazzaɓin Dogara ne ya kama ka, yaya jiki?" Ya ce da sauƙi. Gwauruwar ba ta tona shi ba, shi ma bai tsaya yi wa kowa bayani ba. Ya ci gaba da zuwa gayya, yana fita na biyar, wata rana na bakwai, ganga ba ta ƙara kiransa ba. In ana lissafin shekaru a zaure, wani ya ce shekarar fari, wani ya ce shekarar da gada ta karye, shi sai ya ce, "Shekarar da na faɗi." Da gaske yake, haka yake ganinta. A wurinsa shekara goma sha tara ya yi yana aiki, ta ashirin ce ta tafi a banza.

Da kaka, kunyoyin gefen gabas suka ba da dawa. Zangarniyar ba ta kai ta sauran gonar girma ba, amma ta fito, aka yanka aka ɗaure aka kai rumbu.

Rani ya wuce, bazara ta wuce, wata daminar ta yi nisa. Aka shiga kwanakin nan da mata ke share ƙasan rumbu da tsintsiya, gero yana gona bai nuna ba, gidaje da yawa sun koma cin ganye da dusa. Wata rana da yamma manomin yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙota, sai ga gwauruwar da akushi a rufe da faifai. Wannan karon ba ta durƙusa ba. Ta ajiye a gabansa ta buɗe, tuwon dawa ne da miyar kuka.

Ta ce, "Baba, wannan daga ƙasan rumbu ne. Jibi za mu fara yankan geron da na shuka bana. Mun kai."

Ya ce, "Ai abin da na ɓata ne na gyara, Uwar Ishaya. Ba abin godiya a ciki."

Ta ce, "Na sani. Ban zo godiya ba. Na zo in gaya maka ne yarana huɗu ba wanda ya kwana da yunwa. Na ga ya kamata ka sani."

Ya kalli tuwon ya daɗe. Ya kira matarsa ta kawo ruwa, ya wanke hannu, ya ci har ya suɗe akushin.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Gonar ita ce aikin da Allah ya sa a hannun kowannenmu, ko a gida, ko a kasuwa, ko a aji, ko a cikin ikkilisiya. Ganga ita ce yabon mutane. Ku lura, ban ce ganga zunubi ce ba. Don a rage wa manoma gajiya aka ƙirƙiro ta, kuma wanda ya yi aiki mai kyau aka ce masa sannu, ba laifi ya ji daɗi. Ɓarnar tana farawa ne ranar da mutum ya manta cewa don dawa aka zo gona, ya ɗauka don ganga aka zo. Daga ranar nan, duk lokacin da gaskiya ta yi masa jinkiri, hannunsa zai sauya sara tun kafin ya yi shawara.

Ni da nake tsaye a nan ban kuɓuta ba. Na sha komawa gida ran Lahadi ina murna don majami'a ta cika, an ce wa'azi ya yi daɗi, alhali akwai mara lafiya a bayan gari da na yi wata biyu ban leƙa ba, don shi ba ya guɗa. Malamin da ya gama littafi kafin sauran malamai, yara kuwa ba su iya karanta shafin farko ba, ya san abin da nake faɗa. Uwar da ta fi damuwa da a ce 'ya'yanta sun fi na maƙwabta tsabta ran Kirsimeti, fiye da ta zauna ta ji abin da ke damun babbar 'yarta, ita ma ta sani. Duk mun iya sara ɗaya. A ranar yana da kyan gani, amma ruwa yana zuwa, kuma sau da yawa ba a gonarmu ciyawar take tashi ba, a gonar wanda ba shi da ƙarfi take tashi.

Amma ban kawo misalin nan don in yi wa manomin dariya ba. Ina jin tausayinsa ƙwarai, don na san da yawa a cikinmu haka muke. Akwai wata magana da aka taɓa gaya maka kana ƙarami, ko wata dariya da aka yi maka, mai maganar ya manta, wataƙila ma ya rasu, kai kuwa har yau kana gudu a kunya don ka ba shi amsa. Ɗan'uwana, ba za ka gama ba shi amsa ba. Ka ji wannan da kyau: uban manomin nan sai da ɗansa ya riga kowa fita ya ce nawa ne. Ubanmu na sama ba haka yake ba. Tun kana da kumburarren ciki, ba ka iya ɗaga fartanya ba, ya ce kai nasa ne, ya kuma ba da Ɗansa Yesu Almasihu dominka tun ba ka nome ko taku ɗaya ba. Wanda ya gaskata wannan yana iya yin sara uku a inda ake bukatar sara uku, ko da duk garin za su wuce shi.

Sai kuma yadda muke auna kanmu, a nan ne muka fi yin kuskure. Manomin nan ya kira shekarar nan shekarar faɗuwarsa, don da kunne yake awo, abin da ganga ta faɗa shi ne nasara, abin da ba ta faɗa ba bai faru ba. Gaskiya ne abin da ya ɓata ya gyara, ba wani abin a ɗora shi a kafaɗa ya yi ba. Amma a kwana biyar ɗin nan ne ya faɗi gaskiya a gaban wadda ya cuta, ya yi aiki ba mai kallo, yara huɗu suka ci abinci. Wataƙila akwai wata a nan da ta yi shekara tana jinyar surukarta, tana cewa bana ban yi komai ba. Wataƙila akwai wanda aka ɗauke masa muƙami aka ba yaro, yana ganin tasa ta ƙare. Kada ku yi saurin sa wa shekarunku suna. Ba ku ne za ku yanke hukuncin ƙarshe a kan aikinku ba, makaɗi ma ba shi ba ne. Mai gonar ne, wato Allah, kuma shi yana ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka ba zan tambaye ku yau wa ya fi kowa sauri ba. Kowa ya san inda ya rufe ciyawa, ya kuma san gonar wa ce. In har shukar tana da sauran rai, kada ka jira wata Lahadi. Gobe da safe ka ɗauki fartanyarka ka tafi, ka fara da faɗa wa mai gonar cewa kai ne. Ba wanda zai kaɗa maka ganga a can, amma Ubangiji yana wurin, zai kuwa ba ka ƙarfin gama kunyar. Amin.